Maigidana na yajin aiki, ya ce in sayar da zinaren gadona

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Ɗorayi, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana ma'aikaci ne a wata babbar makarantar gwamnatin tarayya a nan Kano, a ɓangaren mulki yake, ba ya koyarwa. Ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki, gwamnati ta ce ba aiki ba biya, yau wata biyu ke nan ba mu ga alat ba. Tun kafin yajin ma albashin ba ya kai mu ashirin ga wata. Ina ɗan saro atamfa da mayafai a Kwari ina ba matan unguwa, to jarin ya fara tafiya a cefane. Kuɗin haya saura wata biyu ya cika, mai shago ya fara ɗaure wa yara fuska, ga bashin banki da ake cira a albashinsa.

Yanzu ya ce in sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinaren da na gada wajen mahaifiyata, wai da an biya su ariyas, wato albashin da aka riƙe musu, zai saya min wanda ya fi shi. Yayana kuma ya ce kar in kuskura, in matsa masa ya je ya sa hannu a rajistar da hukumar makarantar ta buɗe wa masu son komawa aiki, in ya ƙi in kwaso yara in taho gida. Shi kuma ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci amanar 'yan'uwansa ba. Kullum yana majalisa ko wajen taron ƙungiya, in ya dawo sai faɗa. Ina son mijina, amma tsoro ya kama ni. Mece ce shawararki?

Wata uwargida, Ɗorayi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kawo muku sauƙi.

Kada ki sayar da zinaren nan a kan maganar ariyas. Ban zargi maigidanki da niyyar yaudara ba, na yarda har zuciyarsa yana nufin zai mayar miki. Amma da kuɗin da ke aljihun wani ya yi miki alkawari, kuma mai aljihun ya sha nuna cewa ba ya sauri.

Ki tuna abin da ya faru a 2022. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur BUK da sauran jami'o'in tarayya babu karatu. Ƙungiyoyin ma'aikatan da ba sa koyarwa, SSANU da NASU, su ma sun yi nasu na wasu watanni. Gwamnati ta tsayar da albashi. Duk wanda kika tambaya a lokacin cewa yake ai da an sasanta za a biya, haka aka saba. Aka janye, shiru. Sai a farkon 2024 aka saki albashin wata 4 ga malamai, kimanin rabin abin da aka riƙe. Ma'aikata irin maigidanki kuwa tsallake su aka yi, sai da suka sake rufe ofisoshi a cikin shekarar kafin a fara sakar musu wani abu. Kuma kuɗin da ya shigo ɗin ya riga ya lalace a hanya. Lokacin da aka riƙe shi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, dala ma a farashin gwamnati ba ta kai naira 450 ba. Ranar da alat ya shigo, fetur ya wuce 600, dala ta haura 1,400. Zinare kuma da dala yake tafiya. Matar da ta sayar da sarƙarta a 2022 don a cike giɓi, ariyas ɗin mijinta ko rabin sarƙar ba zai mayar mata ba, ko da bai taɓa sisi a ciki ba.

Akwai kuma abin da 'yan ƙungiya ba su cika faɗa wa iyalinsu ba. Maganar ba aiki ba biya a rubuce take, sashe na 43 na dokar sasanta rikicin ƙwadago ya ce ma'aikacin da ke yajin aiki ba shi da haƙƙin albashin kwanakin da bai yi aiki ba, kuma a 2023 kotun ma'aikata ta ƙasa ta ba gwamnati gaskiya a kan haka a shari'arta da ASUU. Saboda haka duk ariyas ɗin da aka biya bayan yajin aiki, sulhu ne ya kawo shi, ko matsin lamba, ko ƙaratowar zaɓe. Yana iya zuwa duka, yana iya zuwa rabi, yana iya shekara biyu a hanya.

Za ki ji gwamnati na cewa babu kuɗi, ki ji ƙungiya na cewa ƙarya ne. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Bankin Duniya ya ce a 2022 biyan bashi ya cinye sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A shekarar ta 2022 dai tallafin fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma bashin da gwamnati ta dinga ciyowa a Babban Banki don ta biya buƙatun yau da kullum ya taru har tiriliyan 22.7. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni, kason da ake raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata a Abuja ya ƙaru sosai in da naira za a ƙirga. Sai dai bashin waje da dala ake biyansa, faɗuwar naira ta ninka shi, kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wannan shi ne babun gwamnati. Gaskiyar maigidanki kuma ita ce, ana tsaka da wannan babun aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci a 2023. Ni ban ga laifin ma'aikacin da ya ga haka ransa ya ɓaci ba. Amma ki lura da wanda ake fara sallama idan kuɗi ya yi kaɗan: mai bashin waje, don in ba a biya shi ba duniya za ta ji, sai albashin watan da ake ciki, don kar gari ya rikice. Tsohon albashin da aka riƙe babu mai kuka a kansa sai masu shi. Tambayi 'yan fanshon jiharmu. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kusan naira biliyan 48, kuma kashi-kashi ta fara biyansa daga ƙarshen 2023, wasu ma magada ne suka karɓa.

Ko yajin aikin da ya fi kowanne ƙarfi ba ya kawo duk abin da aka nema. Ranar 3 ga Yunin 2024 manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, suka tsayar da jirage, suna neman mafi ƙarancin albashi na naira 494,000, gwamnati na cewa 60,000. A 70,000 aka tsaya, Kano ta sa 71,000. Ba don yajin ba da ko hakan ba a samu ba, shi ya sa ba zan ce miki maigidanki aikin banza yake ba. Ina dai so ki san girman abin da ake jira.

A ce ma an biya gobe. Ke ce ta ƙarshe a layi. Banki zai fara cire nasa kafin maigidanki ya gama karanta alat ɗin, duk watannin da suka taru tare da abin da aka ɗora a kai, kuma tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin wanda ya ci bashinsu zuwa sauran asusunsa ta lambar BVN. Sai ƙungiyar adashin ofis in yana ciki, sai mai gidan haya, mai shago, kuɗin makaranta, abokan da ya ranta wa 'yan dubu biyar-biyar. Duk waɗannan suna da bakin tambaya. Matar gida ita ce ba ta aiko da takarda, ita ake cewa ki ƙara haƙuri.

A shari'a dukiyarki taki ce, ci da sha da sutura da wurin kwana kuma a wuyansa suke, yana yajin aiki ko ba ya yi. Abin da kika ba shi alheri ne ko rance, babu mai tilasta ki. Ban ce ki damƙe hannu ki zuba ido a fitar muku da kaya waje ba. Idan ta kai ga mai gida ya ba da wa'adin tashi an rasa kowace hanya, ko rashin lafiya ta taso, zinare don irin ranar nan ake ajiye shi. To ko a ranar, 'yan kunnen za ki fara fitarwa, sarƙar ta zauna. Ki je da kanki tare da mace wadda ta san harkar, kar ki ba kowa saƙo. A auna a gabanki a shago biyu ko uku kafin ki ce kin sallama. Ki san giram nawa ne, ki san lambarsa, 18 ne ko 21 ko 22, don farashinsu ba ɗaya ba ne. Mai saye ba ya biyan kuɗin ƙira, kuma in akwai duwatsu a jiki zai cire nauyinsu, saboda haka abin da za a miƙo miki zai gaza abin da za ki biya in kin zo sayen irinsa ko da a ranar ne. Sannan a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta ware mata da miji ba. Kuma zinaren za ki ranta masa, a rubuta giram kaza mai lamba kaza, ranar biya ya kawo irinsa. In da naira kuka rubuta, bayan shekara biyu zai ba ki adadin cif-cif ya ce ya fita haƙƙinki, ke kuma ko zobe ba zai saya miki ba. Ki tuntuɓi malamin da kuka yarda da shi ya tsara muku lafazin.

Ni fa jarinki ya fi zinaren tayar min da hankali. Zinare a akwati yake kwance, atamfar ce ke kawo kuɗin kayan miya. A yau ita ce kaɗai ƙofar da kuɗi ke shigowa gidanku, kuma kina cinye ta turmi-turmi. Ki ƙirga abin da ya rage, da wanda ke hannunki da wanda ke hannun mutane, ki ware uwar kuɗi ki ce wannan ba ta cefane ba ce. Riba kaɗai za ta shiga tukunya. Ki bi bashin da kike bi tun yanzu, da lalama amma ba fashi. Ki kuma duba su wa kike ba kaya sai ƙarshen wata: matar da mijinta ke cikin wannan yajin, ko wadda albashin gidanta ke ƙarewa tun sha biyar ga wata, in kin ba ta turmi kin san ba za ki ga kuɗin da wuri ba. Ki rage manyan atamfofi, ki koma kan abin da ake biya nan take, mayafi, hijabi, kayan yara.

Sai Yayanki. Kishin ƙanwarsa ne ya sa shi magana, Allah ya saka masa, amma shawararsa biyu ban ɗauki ko ɗaya ba. Albashin maigidanki daga Abuja ake sakinsa, hukumar makaranta sunaye kawai za ta iya turawa, don haka sa hannu a rajista bai tabbatar da alat a ƙarshen wata ba. Abin da ya tabbata shi ne yajin zai ƙare wata rana, ya koma ofis ɗaya da mutanen da ya bari a waje, ya zauna da su har ritaya. Su ne masu tsaya masa in zai karɓi rance, su ne masu haɗa masa gudummawa ranar suna da ranar rasuwa, kuma ba sa mantawa. Idan shi da kansa ya auna ya ga zai koma, wannan hukuncinsa ne. In ke kika tura shi, duk wulaƙancin da ya sha a ofis a gida zai sauke shi. Maganar kwaso yara kuwa, mutumin da bai kore ki ba, bai doke ki ba, talaucin ma ba shi ya jawo shi da caca ko shaye-shaye ba, ba a bar masa gida a irin wannan lokaci. Za a biya albashi a manta da yunwar, tafiyarki ce ba za a manta ba. In Yaya taimako yake so ya yi, ga hanya a buɗe: buhun masara, ko rancen rabin kuɗin haya, ko ya nema wa surukinsa abin yi a wajen mutanensa. Ke ma ki rage kai maganar ɗakinki gida. Wa ya gaya wa Yaya zancen zinare? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu inda nake ganin laifin maigidanki. Ya riƙe amanar 'yan ƙungiya, madalla. To ke da yara huɗu fa, ba amana ba ce? Yajin aiki ofis ya hana shi zuwa, bai ɗaure masa hannu ba. Taron ƙungiya ba kullum ake yi ba, majalisa kuma ba ta taɓa biya wa kowa kuɗin haya ba, sai dai a zauna a raba kasafin kuɗin Nijeriya da baki har la'asar. Mutumin da ya yi shekaru a ofishin mulki ya iya kwamfuta, ya iya rubuta takarda, ya iya lissafi. Akwai 'yan kasuwa a Singa da Kwari masu juya miliyoyi da lissafinsu a ka yake ko a ɗan littafi, suna neman amintaccen da zai zauna musu. Akwai cike wa ɗalibai fom a intanet, akwai teburin POS, akwai dillancin hatsi a Dawanau in yana da wanda zai riƙe masa hannu, akwai karɓar Adaidaita Sahu na yamma a wajen mai shi. Na san abin da ke hana irinsu: kar ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ya gan shi. Wannan kunyar ce yake so zinaren mahaifiyarki ya biya masa kuɗinta, ko da shi bai kalli abin ta haka ba.

Kada ki gaya masa haka da wannan lafazin, ni ce zan iya, ke ba za ki iya ba. Faɗan da yake dawowa da shi ma yawancinsa kunya ce ta namijin da ya shigo gida hannu rabbana. Kar ki tare shi a bakin ƙofa, kar ki yi maganar a gaban yara. Ki bari ya ci abinci, ko bayan asuba gari ya yi shiru, ki ɗauko takarda da biro. Ki ce masa, Baban yara, ban ce ka janye ba, kuma ban ƙi taimaka maka ba, amma zo mu lissafa kamar abin nan zai ƙara wata shida. Ku rubuta abin da ake ci a mako, haya, makaranta, wuta da ruwa, magani, ku rubuta abin da ke shigowa. In ya ga lambobin da idonsa zai gane cewa kuɗin zinaren wata nawa zai ɗauke ku, ya kuma tambayi kansa ranar da ya ƙare me za a sayar. Wannan tambayar gara ta fito daga bakinsa.

Tunda yana zuwa taro, ya tafi da buƙatun gida. Ya miƙe ya tambaya ko ƙungiya ta rubuta wa bankuna a ƙungiyance ta nemi a ɗage cirar bashi har a sasanta, don takardar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Ya tambaya ko adashin ofis zai dakatar da cira, ya ba mambobi rancen kayan abinci. Ya tambayi shugabanni mene ne mafi ƙarancin abin da za su karɓa su janye, kuma maganar albashin da aka riƙe tana cikin sharuɗɗan a rubuce ko sai an koma za a fara roƙo. Shi ma ya taka zuwa bankinsa ya sanar da su a rubuce, ya ajiye kwafi.

Masu binku bashi kuma a riga su magana. Mai gidan haya a same shi yanzu, da saura wata biyu, maigidanki ya je da dattijon da mai gidan ke jin nauyinsa, a nemi biyan wata uku-uku ko rabi yanzu rabi daga baya. Wanda aka je wa tun kafin ranar ya fi sauƙin kai a kan wanda sai da ya aiko. Mai shago kuwa ki fahimce shi, shi ma bashi yake ɗaukowa a Singa, kuma farashi na tashi kafin a biya shi, kuɗin da kika ba shi bayan wata biyu ba zai mayar masa da katan ɗin da kuka cinye ba. Abin da ke ƙona ran mai shago shi ne ya ga yaron gidan da yake bi bashi ya wuce da kuɗi a hannu zuwa shagon gaba. In kun samu na taliya ko sabulu, a wajensa za a saya, a kuma rage ko dubu biyu ce a littafi duk mako. In kina adashi, ki gaya wa uwar adashi halin da ake ciki tun zubi bai zo ba. Bashin nan na waya da ake bayarwa cikin minti biyar kuwa, ku nisance shi ku duka biyu. Ban da kuɗin ruwan da ke kansa, wasunsu in an yi jinkiri duk lambar da ke wayar mutum sai sun tura mata saƙon tozarci, har surukai.

Idan kin yi duk wannan ya ƙi zama a yi lissafi, ya nace sai zinaren kuma ba zai rubuta ba, ko faɗan ya fara wuce baki, to magana ta fi ƙarfin ku biyu. Ki nemi babba daga ɓangarensa, kawunsa ko yayansa ko limamin da yake jin maganarsa, ki yi bayani ba tare da tona masa asiri fiye da kima ba. Kar ki sa Yayanki a wannan zaman, sun riga sun ja layi shi da maigidanki. In ana buƙatar wani daga gidanku, waliyyinki ya zo.